Kunu Mai Gudaji a Birnin Gilasgo

A gidan da na tashi, a cikin birnin Zariya, ba a rufe ƙofar zaure da rana. Mu goma sha ɗaya ne a wurin mahaifinmu, daga ɗakuna biyu, ban da 'ya'yan riƙo da almajiran da ke karɓar tuwon dare. Mahaifinmu maɗinki ne, aikin hannu yake yi a babbar riga, kuma yakan shafe watanni a kan aska takwas guda ɗaya, yana zaune a bakin zaure inda haske ya fi yawa. Da wannan allurar ya biya mini kuɗin makaranta har na sami takardar shaidar malanta. A lokacin ban ɗauki hakan a bakin komai ba, domin a ganina aikin uba ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne cunkoso: mu biyar a ɗaki ɗaya, layi a ƙofar banɗaki da asuba, jiran masu kurar ruwa, da kuma yadda ba ka isa ka yi tari ba sai wani ya tambaye ka lafiya. Burina tun ina ƙarama abu uku ne, wato famfon da ba ya ƙafewa, wutar da ba a ɗaukewa, da ƙofar da zan rufe babu mai bugawa.

An ɗaura mini aure a shekarar 2020. Maigidana malami ne a wata kwaleji, mutum ne mai ƙarancin magana, kuma zamanmu na farko zama ne irin na yawancin mutane: yana fita da safe, yana dawowa da yamma, ina kai masa abinci, bayan isha'i ya fita majalisa. Muka shekara biyu babu haihuwa. Babu wanda ya taɓa faɗa mini magana marar daɗi kai-tsaye, amma duk sunan da na je sai wata ta dube ni ta ce, "Har yanzu shiru? Allah ya kawo masu albarka." Saboda haka da ya sami gurbin karatun digiri na biyu a Birtaniya, ya sayar da filinsa da motarsa, ni ce na fi shi ɗoki. Ban faɗa wa kowa ba, amma a raina guduwa nake yi daga idon mutane.

Mun sauka a Gilasgo, birni mafi girma a Sikotlan, a watan Satumba na 2022, 'yan kwanaki bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth, tutoci duk an sassauto da su. Shekarar ce ɗalibai suka sha wahalar masauki a birnin, kuma mu ma sai da muka yi makonni uku a falon wani ɗan garinmu kafin muka sami ɗaki da ɗan madafi a unguwar Govanhill, a saman wani tsohon bene na dutse mai hawa huɗu. Bangon yana tsatsafar danshi, tagar kuma tana shigo da iska. Mitar wuta da gas irin ta sa-kuɗi-ka-sha ce, kuma a shekarar farashin makamashi ya yi tashin da har gwamnati ta rage wa kowane gida fam 400 a tsawon hunturu. Duk da haka mukan kunna na'urar ɗumama ɗaki awa ɗaya da asuba, awa ɗaya da dare, sauran lokacin kuma mu sa riga a kan riga.

Sanyin bai karya ni kamar yadda duhu ya yi ba. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi, ita ma ɗin yawanci a bayan gajimare take. Azahar da la'asar da magariba duk suna cikin awa uku da rabi, sai ka idar da wannan ka ga waccan ta shigo. Babu kiran sallah sai wanda waya ke yi. Wata rana ina zaune a ƙasa, na jingina da na'urar ɗumin da ta riga ta huce, sai na lura cewa kwana huɗu ke nan ban yi magana da wani ɗan adam ba in ban da maigidana. Ga famfo yana zuba, na zafi da na sanyi. Ga wuta ba ta ko ƙyaftawa. Ga ƙofa a rufe, babu mai bugawa. An ba ni abubuwa ukun nan cif, ni kuma ina kuka a tsakiyarsu. Duk da haka, idan dusar ƙanƙara ta sauka nakan fita in ɗauki hoto ina murmushi in aika gida, 'yan'uwa su yi ta cewa Allah ya kashe ya ba mu.

Dokar biza ta taƙaita wa ɗalibi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma ni da na zo a matsayin iyalinsa ina iya yin cikakken aiki. Haka na fara aiki a gidan kula da tsofaffi, ana biyana fam goma da 'yan kai a awa. Ni da nake tsayawa a gaban allo, yara suna ce mini Malama, na koma yi wa tsofaffi wanka da canza musu shimfiɗa. Na ɓoye wa gida, na ce musu a asibiti nake taimakawa. Shi kuma maigidana abin ya tsaya masa a rai cewa kuɗin matarsa ne ke biyan haya, ya ƙara yin shiru a kan shirunsa, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin rashin godiya. Muka riƙa saɓawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani dare rikici ya yi zafi a kan wanda ya bar na'urar ɗumi a kunne, na ɗauki mayafi da rigar sanyi na ce na tafi. Na sauko benen nan hawa huɗu da ƙarfina, na isa tashar bas, sannan na tsaya ina tambayar kaina: ina za ni? A gida mace takan yi yaji ta tafi wurin iyayenta, a bi ta da biko, manya su shiga tsakani. A nan babu gidan da zan je, babu kuma wanda zai zo biko sai shi wanda na bari a sama. Na yi minti ashirin ina karkarwa, bas biyu suka wuce, na juya na hau bene. Na tarar da shi a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya, yana neman ɗayan. Babu wanda ya ce uffan.

A cikin wannan hali ne na gane ina da ciki. Ba mu faɗa wa kowa ba, muka ce sai ya yi ƙwari. A watan Janairu na 2023, cikin yana mako na goma sha ɗaya, na farka da tsakar dare da ciwon mara da jini. Muka tafi asibiti a tasi. Babu wanda ya tambaye mu ko sisi, domin tun wajen neman biza mun biya kuɗin kiwon lafiya, fam 470 kowannenmu a shekara, kuɗin da na yi ta ƙorafi a kansa lokacin da muke haɗa shi. Matar da ta ɗauki hoton cikin ta daɗe tana kallon allo, sannan ta juyo ta riƙe hannuna ta ce ta yi baƙin ciki, babu bugun zuciya. Washegari aka sallame ni. Na hau benen nan a hankali, ina hutawa a kowane hawa, na kwanta na juya fuskata ga bango.

Da a Zariya ne, na san abin da zai biyo baya ba tare da na nema ba. Kafin hantsi gida ya cika da mata. Wata ta hura wuta ta ɗora tukunyar ruwan zafi, wata ta dama kunun kanwa, wata ta aika a sayo kan sa ko ƙafa a yi farfesu, gwaggo ta zauna a gefen gado tana ba ni labarin nata ɓarin guda uku domin in san ba a kaina aka fara ba. Mijin kuwa iyakarsa ya ba da kuɗi ya tsaya daga waje. A Gilasgo babu ko ɗaya daga cikinsu. Akwai dai mutum ɗaya, wanda tunda aka haife shi bai taɓa riƙe muciya ba.

Daga inda nake kwance na ji shi a madafi yana waya da mahaifiyarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa saboda kunya. "Hajiya, don Allah yaya ake dama kunun kanwa?" Na ji ta yi shiru, sannan ta tambaye shi abin da ya faru, ya faɗa mata, suka yi salati tare. Daga nan ya fita cikin ruwan sama. Ya samo garin gero a shagon wani ɗan Pakistan, inda suke kiransa bajra, ya kuma samo kanwa a shagon kayan abincin Afirka bayan ya yi ta kwatance har mai shagon ta gane abin da Yarbawa ke kira kaun yake nufi. Ya dawo ya jingina wayar da tulun sukari, Hajiya tana kallonsa tana ba da umarni: "A'a, da ruwan sanyi za ka fara kwaɓawa. Rage kanwar nan, so kake ka kashe mini 'ya? Juya, kada ka tsaya!" Gaskiyarta ne kuwa, domin likitoci a Zariya sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan kanwa yana taɓa zuciyar mai jego.

Ya kawo mini kofin da hannu biyu. Kunun ya yi gudaji manya-manya, ƙasansa ya kama har yana ƙauri, ga shi ya manta da sukari. A bayan hannunsa akwai jan tabo inda tururi ya ƙone shi. Ya durƙusa a gefen katifa ya ce, "Yi haƙuri ki sha ko kaɗan ne, na san bai yi ba." Na sha, ina tauna gudajin, hawaye yana zuba a cikin kofin. Ya zaci ciwo ne ya tashi, ya fara neman magani. Ni kuwa lissafi ne ya zo mini. Sau nawa aka miƙo mini kunu a rayuwata, mai laushi, da zafinsa, da sukarinsa daidai? Wa ya surfa geron, wa ya kai niƙa, wa ya tace, wa ya tashi tun duhu ya hura wuta? Na kasa tuna rana ɗaya da na dubi ɗaya daga cikin matan nan na ce na gode. Cunkoson da na gudo wa shi ne ke ɗauke da ni shekara ashirin da bakwai, ban sani ba, sai da na ga yadda aikin mata goma ya ƙone hannun namiji ɗaya.

Kwana goma ya yi yana dama kunun nan, yana tara mini ruwan zafi a baho, yana wanki. A cikin kwanakin ne muka fara hira ta gaske. Ya faɗa mini cewa tun da muka zo bai yi barcin kirki ba, saboda tunanin ya sayar da duk abin da ya mallaka ya kuma jefa 'yar mutane cikin wahala. Shekara biyu da rabi muna aure, amma sai a ɗakin nan mai danshi na san mutumin da nake aure.

Da na koma aiki, idona ya fara sauka a kan abubuwan da da nake wucewa. Akwai wani dattijo da nake kula da shi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana walda a masana'antar ƙera jiragen ruwa da ke bakin kogin Clyde, zamanin da birnin ya yi suna a duniya da wannan sana'a. Hannuwansa manya ne kamar faranti, amma rawar jiki ta hana shi kai kofin shayi bakinsa. Ni ke riƙe masa, yana kurɓa, kuma kowace kurɓa sai ya ce ya gode. Ranar da ya yi sa'a ya ɗaga kofin da kansa ba tare da ya zubar ba, sai ya yi ta dariya yana kiran sauran ma'aikata su zo su gani. A hanyar komawa gida, a cikin bas, na riƙa buɗe tafin hannuna ina rufewa. Tun ina makarantar allo na haddace ayar da ke cewa idan muka ce za mu ƙirga ni'imomin Allah ba za mu iya ƙididdige su ba, amma ban taɓa sa yatsuna a cikin lissafin ba. A makon ne kuma na daina ɓoye wa gida irin aikin da nake yi.

Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Maris. Mukan je buɗa-baki a babban masallacin birnin da ke kudu da kogi, inda na fara haɗuwa da wasu matan Hausawa, daga Kano da Katsina da Maraɗi. A cikin watan ne na yanke shawarar biyan bashin da ke kaina. Na riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: kishiyar mahaifiyata da ta yi mini kitso tun ina yarinya, yayata da ta bar mini gadonta lokacin jarrabawa, maƙwabciyar da ke ba mu ruwan rijiyarta. Yawancinsu sun ɗauka wani abu ne ya same ni, ɗaya ma ta tambaya ko mafarkin mutuwa na yi. Mahaifina na bari a ƙarshe, domin tsakaninmu akwai nauyi, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Na kira shi a goman ƙarshe, bayan mun gaisa na ce, "Baba, na kira ne in yi maka godiya. Na san da idonka ka biya mini makaranta, ga shi yanzu ko zare ba ka iya sawa a allura." Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "To, to. Allah ya yi miki albarka. Yaya sanyin garin naku?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Daga baya mahaifiyata ta gaya mini cewa ranar ya daɗe a zaure shi kaɗai, bai shigo cin abinci da wuri ba.

Wahala ba ta ƙare don na fara godiya ba. Ragowar kuɗin makaranta yana gida a naira, mun daɗe da cike takardar neman canji a banki muna jira. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, kuɗin da muka ajiye ya kasa biyan abin da ya rage. Idan ba a biya ba babu sakamako, babu kuma bizar zama bayan karatu. Na ƙara aikin dare, shi kuma ya riƙa aikin ɗaukar kaya a wani rumbun ajiya iya awannin da doka ta ba shi. Matan da na sani a masallaci suna da adashi, suka ba ni ɗaukar farko alhali ni ce sabuwar shiga. Wata biyu muka yi muna cin taliya da wake na gwangwani, ranar Juma'a kuma mu yi tuwon garin shinkafa da miyar kukar da na taho da ita, ina auna daddawa kamar mai auna zinare. Ban taɓa jin daɗin miyar kuka kamar na waɗannan Juma'o'in ba.

A watan Agusta mahaifina ya rasu. An kira ni da safe ina wurin aiki, kafin in tashi da yamma har an kai shi makwancinsa. Ko da ina da kuɗin jirgi ba zan riski jana'izar ba, kuma ba ni da shi. Na karɓi gaisuwa a waya, matan adashi suka zo suka zauna da ni kwana uku, tsohuwar Baturiyar da ke hawa na biyu, wadda ba mu taɓa wuce gaisuwar matakala da ita ba, ta hawo da tukunyar miyar ganye da ta tabbatar mini babu nama a ciki. Rashin ganin gawarsa ciwo ne da har yau bai warke ba. Amma duk lokacin da ya taso, nakan tuna cewa na faɗa masa, ya kuma ji da kunnensa, ya sa mini albarka.

Ba na son a fahimce ni a baibai. Akwai masu amfani da kalmar godiya domin su rufe wa mutum baki, da ka fara faɗin damuwarka sai su ce, "Ai ku gode wa Allah, kuna Turai." Wannan ba ta taɓa sanyaya mini rai ba, kuma ina ganin ita ce ke sa da yawa daga cikinmu ke aika hoton murmushi suna haɗiye kuka. Har gobe ina ƙin duhun Disamba, har gobe bayana yana ciwo saboda ɗaga tsofaffi, kuma sau biyu aka taɓa yi mini ihu a titi saboda hijabina. Abin da ya sauya shi ne na daina jiran babban abu kafin in ce alhamdu lillahi. Ranar da rana ta leƙo ta tagarmu na minti arba'in, mukan matsar da katifa mu zauna a cikinta kamar ƙadangaru. Ranar da bas ya zo a kan lokaci ana ruwa, ko aka yi sallama da Hausa a bayanmu a kasuwa, ko muka tarar da kuɓewa ɗanya a shago, sai mu kawo labarin gida mu ba juna.

Maigidana ya kammala, muka sami bizar shekara biyu ta bayan karatu. A watan Oktoba na 2024 Allah ya ba mu 'ya mace. Gwamnatin Sikotlan tana ba kowane jariri akwatin kwali cike da kayan sawa da bargo da ma'aunin zafi, har da 'yar katifa a ciki, kuma a cikin akwatin nan 'yarmu ta yi barcinta na watannin farko. Ranar suna mu goma sha huɗu ne a ɗakin, ragon kuma a Zariya aka yanka, muna kallo ta waya. Wankan jego mahaifiyata ce ta jagoranta daga nesa, babu ganyen darbejiya, sai ruwan famfo da tawul.

Bizarmu ta kusa ƙarewa, kuma har yanzu ba mu san ko zai sami aikin da zai ba mu damar zama ba, ko kuwa tattara kaya za mu yi mu koma mu fara daga tushe. Yanzu shi ke aikin dare, ni ina na safe, saboda kada mu bar yarinyar a hannun kowa. Yakan shigo da ƙarfe bakwai saura, ni kuma bas ɗina na bakwai da kwata ne, don haka abin da muke da shi tare a ranar aiki bai wuce minti ashirin ba. Yau da asuba na ji takunsa a matakala, hawa ɗaya bayan ɗaya, irin takun wanda ya kwana a tsaye. Ya shigo da sanyi a jikin rigarsa, ya leƙa yarinyar, ya wuce madafi ya ɗora ruwa. Na ce masa ya bari ya kwanta, ya ce ai ya riga ya kwaɓa garin tun jiya. Muka sha a tsaye, kofi ɗaya muna miƙa wa juna, ina ɗaura igiyar takalmi. Kunun ya yi laushi, sai gudaji ɗaya da na ci karo da shi a ƙasan kofin, na tauna shi ina saukowa bene.